Sunan Sabuwar Rijiyar Gawasa

Ku matso ku ji wata, amma ku ajiye dariyarku, yau ba ta da aiki.

Nomau shi ne mai shelar ƙauyen Gawasa, mutum mai ban dariya, ko ɓatan akuya ya faɗa sai an dara. Shekarar da amai da gudawa ta shigo, ya yi shelar mutuwa har muryarsa ta dushe. Ta goma sha tara ta 'yarsa ce.

Barau mai rijiya, wanda ruwansa yawancin gari ke saye, shi kaɗai ya lura cewa gidajen da ke shan ruwansa su ke binne mutane. Da ya yi shiru, da ba mai sani. Ya miƙe bayan sallar Juma'a ya ce, "Jama'a, rijiyata ce ke kashe mu." Ya cike ta da hannunsa. Tun daga ranar ba mai amsa sallamarsa. Nomau ma kau da kai yake yi.

Gari ya koma ba ruwa. Aka duba ko'ina, ba inda ake sa ran samu sai ƙarƙashin ɗakin Gwamma, tsohuwar da mijinta ya gina mata shi kafin ya rasu.

Nomau ya ce, "Inna, ina za ki kwana?"

Ta ce, "Kai dai fitar min da tukwanena, sarkin surutu."

Aka rushe. Yau tana raɓe a zauren mutane.

Ƙasar wurin rairayi ce, duk masu haƙa suka ƙi shiga, sai Tanimu. Ko kwabo bai karɓa ba. Kwana goma sha biyu yana ciki. Ranar da ya ɗaga murya ya ce, "Ga ruwa!" ranar ce gefen ramin ya rufto masa. An fito da shi da rai, amma ƙafafun ba su ƙara ɗaukarsa ba.

Cuta ta tafi. Dattawa suka ce a sa wa rijiyar sunan mutum ɗaya don jikoki su riƙa tunawa. Suka yi gardama kwana uku, suka gaji, suka ce, "Nomau, wanda ka kira ranar kasuwa, shi ke nan."

Ga Nomau tsaye a bakin rijiya, gari duk ya taru. An kawo Tanimu a amalanke. Gwamma na zaune a ƙasa. Barau yana can nesa, shi kaɗai.

To ku da kuke shan ruwa ba fargaba, sunan wa ya kamata Nomau ya kira?