Jan Lalle a Wutsiyar Ɓera

Akwai wani ɗalibi mai suna Saifuddeen, ɗan unguwar Takur a Dutse, yana digiri na biyu. Kai ne da shi, wannan ba musu, sai dai ji da kai ya yi masa katutu.

Bincikensa a kan fararen ɓeraye ashirin ne. Goma ana zuba musu niyukiliyotaid a abinci, wato sinadarin da jiki ke gina sababbin ƙwayoyin halitta da shi, goma kuma abincinsu zalla. Za a yanke wa kowanne wani sashe na hanta, bayan kwana bakwai a auna a ga ta waɗanne ta fi saurin tofowa. Wa'adinsa na ƙarshe ke nan, in aikin ya lalace sai dai ya bar makaranta hannu rabbana.

Mai kula da ɗakin dabbobin wani dattijo ne, Malam Yahuza, wanda ya yi furfura a kiwon awaki. Wata safiya Saifuddeen ya tarar da shi yana shafa wa ɓeraye lalle a wutsiya.

"Haka muke shaida dabba a gida," in ji dattijon. "Masu lallen nan su ne..."

"Dakata! Nan ya yi maka kama da turken awaki? Kimiyya muke yi!"

Bai bari ya ƙarasa ba. Ya ɗauki alƙalamin maka ya zana wa kowane ɓera lamba a baya, sannan ya kai ƙara aka mayar da dattijon sashen kaji.

Aka yi tiyata lafiya. Ranar awo, da sassafe, ya buɗe ɗakin. Kantar da aka ɗora kejin ɓerayen guda biyu a kai ta karye, duk sun kife, ɓeraye sun cakuɗe a kusurwa ɗaya. Ya ɗaga ɗaya, babu lamba. Ya ɗaga na biyu, haka. Ashe sun lashe tawadar tas, shi kuma bai taɓa dubawa ba.

Malamarsa, Dakta Halimatu Sa'adiya, za ta iso ƙarfe tara. Saura minti arba'in.

Sai ya lura da wutsiyoyin. Goma da jan lalle, goma babu. Amma waɗanne ne masu cin sinadarin? Amsar tana cikin maganar da ya katse.

Ya ruga sashen kaji, aka ce Malam Yahuza aikin dare ya yi, ya tafi gida. Ya tari adaidaita sahu zuwa Yalwawa, yana duba agogo yana share gumi. Ya same shi a ƙofar gida yana ba awaki dusa, ya durƙusa, abin da bai taɓa yi masa ba.

"Baba, don girman Allah ka yafe mini. Masu lalle, waɗanne ne?"

Dattijon ya ci gaba da dama dusarsa, kamar bai ji ba. Saifuddeen ya ji kamar ya fashe da kuka.

"Masu cin sinadarin ne," ya ce daga ƙarshe. "Tashi mu je, kai kaɗai ba za ka iya kama su ba, sai ka fama musu ɗinki."

Suna rufe keji na biyu Dakta ta shigo. Ta dubi karyayyar kantar, ta dubi wutsiyoyin.

"Wa ya yi wannan dabarar?"

Saifuddeen ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. "Ranki ya daɗe, mutumin da na sa aka kora daga ɗakin nan ne."

Darasi: Kada ka katse wa mutum magana don kana ganin ka fi shi karatu, wataƙila a ƙarshen maganarsa cetonka yake. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu saurin cewa "dakata".