Ƙosau da Ɓaunar Tafkin Juyi

A zamanin da dajin nan bai san gatari ba, fari ya kori gidaje goma sha ɗaya daga ƙauyensu. Maharbi Ƙosau ne ya ja su, na gaban Kande, mai baka ɗaya maganin dawa. Kwana uku suka yi babu ruwa, har yara suka daina kuka. A rana ta huɗu suka hango tafki, amma wata baƙar ɓauna ta tsare shi, ga ƙasusuwan maharba warwatse a bakin ruwa.

Ƙanwarsa Kande, da goyo a baya, ta riƙe masa riga. "Yaya, in ka faɗi, wa zai fitar da mu daga dajin nan?"

Ya ce, "In ban je ba, gobe babu wanda zan fitar."

Kibiya uku ya harba, an ce duk sun zame daga fatarta kamar dutse aka harba. Ɓauna ta sunkuyar da kai ta yo kansa. Babu bishiya kusa, gudu kuma ba zai fisshe shi ba. Iyaye suka rufe idanun 'ya'yansu. Sai Ƙosau ya yar da baka, ya dafa ƙasa, ya wuntsila gefe ƙafafu sama, ƙaho ya wuce ta inda cikinsa yake ɗazu. Ta juyo, ya sake alkafura, kowane juyi yana jan ta wajen laka. A na bakwai hannunsa na hagu ya karye, amma ɓauna ta riga ta nutse har wuya.

Nan suka kafa gari, suka sa masa suna Tafkin Juyi. Duk kaka samari sukan yi alkafura bakwai a bakin tafkin.

Bayan rasuwar Ƙosau, Kande ta tsufa, ta ji tsoron kada jikoki su ɗauka wasa ne kawai. Ta tara mundayen tagulla na mata ta kai wa maƙeri Arzika. Ya siffanta Ƙosau da kakin zuma yana alkafura a kan hannun dama kaɗai, ya lulluɓe da yumɓu, ya zuba narkakkiyar tagulla. Sau biyu siffar tana kifewa.

Ya ce, "Inna, tagulla ba ta tsayuwa a kan hannu ɗaya."

Ta ce, "Mutum ya tsaya, Arzika, a kan idona."

A zubi na uku aka fasa yumɓu a gaban jama'a. Siffar ta yi rawa kaɗan, ta tsaya.

Tana nan a Tafkin Juyi har yau, kai ƙasa, ƙafafu sama. Saurayin da zai yi alkafurar kaka sai ya taɓa hannun nan na dama kafin ya dafa ƙasa.