Garin Leda da Ruwan Batir

Wata rana, Laraba ce, aka tashi da hadari, aka wuni ana ruwa. Kwatocin gari suka cika, suka kwararo cikin kududdufin da ke bayan kasuwa.

A kududdufin akwai Tarwaɗa mai haɗama, da Kwaɗo mai yawan tsoro. Akwai kuma Zalɓe mai girman kai, wanda ke da 'ya'ya biyu a sheƙa kan tsamiya.

Suna da wata al'ada. Duk sabon abin da ya faɗo ruwa, Tarwaɗa ce ke fara ɗanɗanawa. In ta kwana lafiya, kowa ya ci. Ita ta nemi aikin, don ta riƙa cin na farko.

Bara, tsofaffin ledoji suka sha rana suka dagargaje, suka zama gari kamar tsaki. Tarwaɗa ta ɗanɗana, ta kwana lafiya. Da rani kuma wani mai gyaran batir ya riƙa zubar da ruwan dalma a ɗaya gefen. Ta kurɓa, ta ce ɗaci ne kawai.

Ruwan Laraba ne ya haɗa su. Garin leda ya jiƙa a ruwan batir, dalma ta manne masa, ya yi toka-toka ya kwanta inda ake kiwo.

Kwaɗo ya ce, "Gwaggo, kada ki ci wannan."

Tarwaɗa ta ce, "Kai matsoraci! Wanne ne ban ci ba? Ledar ko ruwan?"

"Kin ci kowanne shi kaɗai. A haɗe fa?"

"To, mai ƙaton ido zai koya mini aikina! Matsa ka ba ni wuri."

Ta buɗe baki ta yi ta haɗiya. Ta kwana lafiya, sai ƙananan kifaye suka bi sahunta.

Amma abin bai fita ba. Ledar ta toshe ciki, ta riƙe dalmar a nan, tana sakin ta kaɗan-kaɗan. Kafin wata ya mutu, Tarwaɗa ta rame sai kai. Cikinta cike, ga yunwa. Kifaye suka riƙa tasowa sama suna iyo a karkace.

Kwaɗo ya je gindin tsamiya ya ɗaga murya. "Yaya Zalɓe, kada ka kai wa yara kifin nan. Ciwo ne da su."

Zalɓe ya leƙo ya ce, "Ciwon masu cin laka ne. Ka taɓa ganin na sa baki a ƙazanta? Dubi tsawon ƙafata."

"Ba ka cin laka, amma kana cin mai cin laka."

"Baƙin ciki kake yi. Da sai na wuni a tsaye. Yanzu abinci ke kawo kansa."

Ya yi ta kwasa yana kai wa 'ya'yansa, har da Tarwaɗa kanta, da ta taso ba ta iya gudu.

'Ya'yan suka daina kuka in ya dawo sheƙa. Gashinsu ya ƙi fitowa. Wuyansu ya kasa ɗaukar kai. Ƙaramin ya fara mutuwa, babban ya bi shi da yamma.

Zalɓe ya sauko bakin ruwa. Ya ce, "Kwaɗo, wa zan kama da wannan?"

Kwaɗo ya ce, "Wanda ya zuba yana cikin gari. Bai ma san an yi ba."

Washegari da safe Zalɓe ya ture sheƙar da bakinsa ta faɗo ƙasa. Ya yi ƙoƙarin tashi, fiffike ya ƙi. Sai ya kama hanyar daji a ƙafa.

Darasin wannan labari shi ne, abubuwa biyu da kowanne ka raina, in suka haɗu suna iya kisa. Yara, kada ku jefa leda ko tsohon batir a kwata. Guba ba ta tsayawa a cikin wanda ya fara haɗiye ta.