Ƙurajen Saiwar Waken Suya

Akwai wani manomi da ake ce wa Ni-Kaɗai. In ya zauna a bencin mai shayi, cewa yake waken suya da ya ji takunsa yake miƙewa tsaye kamar soja. "Ba taki, ba malamin gona. Hannuna kawai."

Da ƙanensa ya rasu, sai ya sa wa gonar marigayin ido, alhali da ita matar ƙanen ke ciyar da 'ya'ya huɗu. Ya tumɓuke mata wake ɗaya, ya kai gaban baffansu.

"Dubi saiwar nan, Baffa. Duk ƙuraje! Ta sa wa ƙasa cuta. A ba ni gonar kafin ta ƙarasa ta."

"Ba cuta ba ce, Yaya," in ji matar. "Malamar gona ta ce ɗakunan wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Su ke ɗebo abinci daga iska su ba waken. Tsohuwar gonar wake cike take da su, sabuwa kuwa sai an kawo mata."

"'Yan haya a saiwa? Allah ya ƙara ilimi!"

"Yi dariyarka. Gonar nan dai ba inda zan matsa."

Baffa ya yanke hukunci: kowa ya shuka bana. In waken Ni-Kaɗai ya fi nata, gona tasa ce.

Ni-Kaɗai ya shuka a sabon filinsa, inda wake bai taɓa zama ba. Sati uku, ganye ya yi rawaya kamar mai ciwon shawara. Ya gaya wa mai shayi wai ado ne. Bayan wata guda kuma, sai ga wake ya yi kore shar. Mutumin naku ya dawo benci yana gyara hula: "Tsawa na yi musu. Sau ɗaya."

Ranar dubawa, Baffa ya tumɓuke ɗaya a filin Ni-Kaɗai. Ƙuraje fal.

"Wannan fa?"

"Ƙwanji ne, Baffa. Nata cuta, nawa ƙwanji."

Ita kuwa matar tana bin kunyoyi, idonta a ƙasa. Can ta tsuguna.

"Yaya, jar kuɓewar nan da ta tsiro a wakenka fa? Irin mahaifiyata ce. A gefen gonata kawai take zubar da 'ya'ya."

"Tsuntsaye ne suka kawo."

"Sannunsu da aiki. Su ne suka kwashe min ƙasa a gefen gona, suka bar sawun baro har nan?"

Ni-Kaɗai ya hau karkaɗe wandonsa da ba ƙura.

"Ƙasar da ka ce ta kamu da cuta ita ka sato ta raya maka wake," in ji Baffa. "Gona tata ce. Baro nawa ka ɗeba?"

"Ɗaya... da 'yan kai."

"Goma sha biyu," in ji matar. "Na ƙirga ramukan."

Darasi: Ba mai tsayawa shi kaɗai, ko wake sai da taimakon waɗanda ido ba ya gani. Kada ka raina abin da a ɓoye kake cin moriyarsa, kuma in haƙƙinka ne, ka tsaya a kansa. Ku tura wa duk wani Ni-Kaɗai da kuka sani.