Barmo Wanzami da Wuyan Dagaci

Wai mene ne amfanin hutu? Tambayar banza! Ku yi shiru ku ji.

Wani dagaci ya kafa doka, duk mai sana'ar da aka kama yana hutawa a kore shi daga gari. Rannan ya kira Barmo wanzami gyaran gemu.

Barmo ya ɗora masa aska a maƙogwaro, yana ta hamma.

Dagaci ya ce, "Kai, lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Tun da ka yi doka ban runtsa ba. Wuya biyu nake gani, amma zan lalubo na gaskiyar. Ɗaga haɓa."

"Ajiye askar nan, je ka kwanta!"

"A kore ni?"

"Na soke dokar, ja'iri!"

To, kun ji. Maza ku kwanta kafin in ɗauko tsumagiya.