Zakaran da Ya Shiga Ayarin Masu Neman Kaza

An yi wani zakara a ƙasar Luwiziyana ta Amurka, a wani ƙauyen mutanen da ake kira Kajun, wanda ke bakin fadama, inda ruwa da ƙasa ba su gama rabuwa ba. Sunansa Onezim. Yana da jan zanko da jela mai sheƙi, kuma ya iya rawa. Abin da bai iya ba shi ne ya yi abin kirki ba a san shi ne ya yi ba.

Wadda ta rene shi tun yana ɗan tsako wata tsohuwar kififiya ce, tela, mai kaifin harshe, ana ce mata Azema. Shi yana kiranta Nanan, kamar yadda yaran can ke kiran matar da ta riƙe su ranar baftisma. Ita kuma tana ce masa Ti-Zim, wato ɗan ƙaramin Onezim, ko da yake ya daɗe da fin ta tsawo.

Na ukunsu wani kada ne, Telesfo, wanda bai taɓa tashi daga gaban abinci ya ce ya ƙoshi ba. In ya zo wucewa ta ƙofar Azema yakan tsaya ya gaishe ta da ladabi, idonsa na kan cinyar Onezim.

Mutanen wurin suna da wata al'ada a Talatar ƙarshe kafin babban azumin Kirista, wanda a cikinsa suke ƙaurace wa nama. Suna kiran ranar Mardi Gira, wato Talata Mai Maiƙo. Tun da safe samari za su sa rigunan tsumma, su rufe fuska da ragar waya da aka zana wa ido da baki, su ɗora doguwar hula mai tsini. Sai su bi gida-gida suna waƙa da rawa, suna roƙon kayan miya. Mai shinkafa ya ba da shinkafa, mai albasa ya ba da albasa. Mai kaza kuwa ba ya miƙa ta hannu da hannu. Sama yake jefa ta, a bi ta da gudu cikin taɓo. Da yamma a haɗa komai a tukunya ɗaya a dafa gombo, miya mai kauri da duk gari zai ci da shinkafa, sannan a shiga rawa.

Shugaban ayarin kaɗai ne ba ya rufe fuska. Ana ce masa Kapiten. Shi ke neman izinin mai gida, kuma shi ke riƙe da farar tuta. In ya sauke ta, kowa ya ruga. A wannan shekarar Telesfo aka naɗa, don ya nema kuma ba a sami mai ƙarfin halin ce masa a'a ba.

Ana gobe Talata, Azema ta kira Onezim ta gaya masa halin da ake ciki. Telesfo zai tsaya a ƙofarta ya roƙi kaza, gari na kallo. In ta hana, ta zama marowaciya har ta mutu. In ta bayar, an gama da Onezim.

Onezim ya ce zai hau rufin ɗaki. Ta ce sun san rufi. Ya ce ƙarƙashin gado. Ta ce a can aka zaƙulo kawunsa bara.

"Wuri ɗaya ne ba za su duba ba," in ji ta. "Cikinsu."

Ta jawo rigar tsumma da ta ɗinka masa, da ragar fuska, da hula. Dokar ranar ita ce, wanda ya rufe fuska ba a tambayarsa ko shi wane ne, ba a kuma taɓa ragarsa. Ko Kapiten bai isa ba.

"Nanan, hular nan ta rufe mini zanko."

"Don haka na yi ta da tsawo."

"Jelata fa?"

"Cikin wando."

"To wa zai san ni ne?"

"Kai, Ti-Zim, Allah ya ba ka gashi ya hana ka kai. Ba mai sani, shi ne maganin. Kada ka cire, kada ka yi cara. Jibi azumi ya shiga, ba mai ƙara kallon cinyarka."

Da gari ya waye ya saje cikin ayari. Da suka iso gidan Azema, ta fito da kwaryar shinkafa da kuɓewa, ta ce zakaran nata ya tafi ganin dangi. Telesfo ya ɗaga hanci ya ce shi dai yana jin ƙanshin kaza kusa-kusa.

"Tsakanin haƙoranka ne, Kapiten," in ji ta. "Ta bara ce."

Aka yi dariya aka wuce. Onezim kuwa yana tsaye dab da wutsiyar Telesfo, yana ƙara danna hularsa don tsoro.

Amma tsoro ba ya daɗewa a jikin mai son a gan shi. A gida na gaba masu kiɗa suka ja goge, aka matsa akodiyan, wannan akwatin kiɗa da ke numfashi kamar zugazugi. Ƙafar Onezim ta motsa da kanta. Ya sauke kafaɗa ɗaya, ya ja ta a ƙasa, ya kewaye matar gidan yana karkarwa. Ba a taɓa ganin irin wannan taku a ayarin ba. Matar da ta yi niyyar ba da albasa ɗaya ta juye musu kwando.

Haka aka yi ta yi. Duk ƙofar da ɗan gajeren nan ya taka rawa, sai kyauta ta ninka. Buhu ya cika da shinkafa da gari da barkono. Nama ne kawai babu. Zabuwa ɗaya aka kama duk yinin, bayan an sha faɗuwa a gonar shinkafa, aka ba Kapiten ajiya. Kafin a kai gida na gaba ya ce ta tsere. Akwai ɗan gashi mai ɗigo-ɗigo a gefen bakinsa, amma ba wanda ya ga dacewar ya yi maganarsa. Samari suka fara gunaguni, Telesfo ya gane cewa in bai samo wani naman ba, baɗi wani za a ba tuta.

Gida na ƙarshe yana tsallaken rafi, a unguwar Kiriyol, maƙwabtan Kajun da suke tarayya da su a tukunya da kiɗa. Gidan wata zalɓe ce, Madam Filomen, wadda ita za ta dafa gombon. Ta ce ba ta da kaza, amma labarin gwanin rawa ya riga su isowa. A yi mata ta gani.

Onezim ya yi rawar da bai taɓa yi ba, ya koma cikin jama'a yana haki. Madam Filomen ta ce duk wanda yake cikin wannan tsumman, da shi za ta buɗe rawar yamma, kuma nasa ne kwanon farko.

Sai aka shiga cankar ko wane ne. Wani ya ce irin wannan ƙafa sai Kilofas. Kilofas wani ƙaton kwaɗo ne, tsawonsu ɗaya da Onezim, shi ma fuskarsa a rufe. Duk yinin bai taka ko sau ɗaya ba, yana bayan amalanken masu kiɗa yana ɗanɗana kayan buhu. Da ya ji sunansa sai ya yi gyaran murya.

"Ni dai ba na son yabon kai," in ji shi.

Aka ɗau tafi. Aka ɗaga Kilofas sama.

Rana ta kusa faɗuwa. Da Onezim ya haɗiye wannan, da ya ci gombo ya kwana a gida. Ya haɗiye sau ɗaya, ta dawo. Ya tuna maganar Nanan, ya ga ai tsohuwa ce, ba ta san zafin a ba wani rawarka ba. Ya daka tsalle ya hau shinge, ya fizge raga, ya jefar da hula, zanko ya miƙe ja wur.

"Ku dube ni da kyau. Wannan mai kumburarren wuyan ne zai yi muku wannan takun? Ni ne, Onezim!"

Ya buɗe baki ya yi cara, har aka ji a ɗaya tsallaken.

Goge ya tsaya. Duk ragar da ke wurin ta juyo gare shi. Telesfo ya yi murmushi har haƙoran baya.

"Madam, ashe kina da kaza," in ji shi. "Har ta jefa kanta."

Ya sauke tuta.

Onezim ya san yadda ake bin kaza, don yau ya bi zabuwa, amma bai taɓa zama a gaba ba. Wandon da ya ɓoye shi ya harɗe masa ƙafa. Ya faɗa taɓo, ya tashi, wando ya zame, jela ta fito. Kilofas, wanda tsalle ɗaya ya iya a duniya, ya yi shi a lokacin, ya cafke ta. Onezim ya fizga da iya ƙarfinsa. Shi ya tafi, jela ta zauna. Ya yi fiffike ya maƙale a reshen wata doguwar bishiya.

Samari suka gaji suka koma wajen tukunya. Telesfo ya ce shi ba inda za shi, ya kwanta a gindin bishiyar, baki buɗe. Madam Filomen ta dafa gombonta da ganye da kuɓewa, aka ce ba a taɓa yin mai daɗinsa ba, aka suɗe tukunya. Daga kan reshe Onezim yana jin ƙanshi, yana jin kiɗa, yana hango Kilofas ya soke gashin jelar da ya fizge masa a tsinin hula yana tattake wa Madam ƙafa, ana yi masa tafi.

Washegari ƙararrawar coci ta kaɗa. Jama'a suka fito da toka a goshi, alamar azumi ya shiga. Azema ta biyo ta gindin bishiyar a hankali, kamar yadda take yin komai.

"Kapiten, rufe bakin haka nan, gari na kallonka," in ji ta. "Kai ne ka fi kowa lada bana. Tun jiya ka fara azumi."

Telesfo ya ja ciki ya tafi, ba zakara, ba gombo. Ta ɗaga kai.

"Sauko, Ti-Zim. Burinka ya cika. Kowa ya san kai ne."

Jela ta sake tsirowa, amma a karkace. Kuma tun da kowa ya san takunsa, ba ragar da za ta ƙara ɓoye shi. Duk shekara in Mardi Gira ta zo, Azema takan kifa masa bahon wanki ta hau kai ta zauna da ɗinkinta. Daga ciki yake jin ayari na wucewa, yara na kwaikwayon wannan taku na sauke kafaɗa, wanda har yau a ƙauyen ake kira rawar Kilofas.

Darasin wannan labari shi ne, wanda ba zai iya jure a yaba wa wani da aikinsa na yini ɗaya ba, yana iya sayar da wuyansa don a tafa masa sau ɗaya. In shirunka ne yake tsare da kai, riƙe shi har haɗari ya wuce. Mai haɗama kuma ya tuna da Telesfo, wanda ya bar tukunyar da ke kan wuta ya kwana yana jiran abin da ke kan bishiya.