Ta Shanya Kankare Kamar Wanki

Akwai wata mata mai injin niƙa a bakin wani layi, wadda kowa ke kira Maza-maza. Ba ta da mugunta, ba ta da rowa, amma Allah bai ba ta haƙurin jira ba. In ta ɗora tukunya sai ta buɗe ta sau goma kafin ta tafasa. In tana magana da kai, ƙafarta ɗaya na bakin ƙofa. Injin nan mijinta ne ya rasu ya bar mata, tsohon ƙarfe mai nauyi wanda aka daina ƙera irinsa, kuma da shi take ciyar da 'ya'yanta huɗu.

Da dakalin da injin ke zaune a kai ya tsattsage, sai ta kira yayanta, wanda magini ne. Ya sa aka sauke injin gefe, ya fasa tsohon dakalin, ya kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa ya zuba sabo. Ya kafa dogayen notuna huɗu a ciki tun yana ɗanye, sannan ya jiƙa buhuna ya lulluɓe shi.

"Saurara da kyau, ƙanwata," in ji shi yana wanke hannu. "Wannan simintin ba irin na da ba ne, an gauraya shi da toka tun daga masana'anta. Yana da nawa a farko, amma in ya kama ya fi wancan ƙarko. Ki riƙa ba shi ruwa safe da yamma, kada buhunan nan su bushe. Kuma kada a ɗora injin sai bayan sati huɗu."

"Sati huɗu? Yaya, dakali ka zuba mini ko ƙwai ka ba ni in kwanta a kai?"

"Kira shi abin da kika ga dama. Ni dai na tafi aiki bayan gari, sai na dawo."

Kwana biyu ta yi tana ban ruwa. A na uku ta tsaya bakin ƙofa tana kallon mata da bokitansu suna wuce ta zuwa injin ƙarshen layi, wasu ma ko sallama babu. Nan fa ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta share ɗakin sau biyu, ta goge injin da ba shi da ƙura, ta ɗaga buhu ta leƙa, ta mayar, ta sake ɗagawa. Dakalin na nan baƙi wuluk da danshi.

"Ta yaya abu zai yi tauri ana jiƙa shi kullum?" ta ce wa kanta. "Yaya dai akwai son ja wa abu rai."

Duk abin da ta sani a duniya, wanki ne ko hatsi, rana da iska ke gyara shi. Sai ta yaye buhunan, ta wangale ƙofa da taga, ta saita fanka a kan dakalin, ta kuma hura murhun gawayi a gefensa. A kwana na biyar ya yi fari fat. Ta ƙwanƙwasa da makulli ta ji ƙwas-ƙwas, murna kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Ba ta san cewa kankare da ruwa yake haɗa ƙarfinsa ba, kuma wanda aka gauraya da toka ya fi kowanne daɗewa yana buƙatarsa.

Washegari ta kira bakanike. Ya kankari gefen dakalin da sukundireba, gari ya zubo.

"Hajiya, anya wannan ya isa ɗaukar inji?"

"Kai dai ɗaure noti, ba kai ka zuba ba."

Ya ɗaure. Injin ya tashi, layin masu niƙa ya dawo, bakin Maza-maza har kunne. Wajen azahar ƙarar ta canza. Ta ga ƙura na tsartuwa daga gindin notunan, amma sauran bokiti uku a layi. Ta ce bari ta gama waɗannan tukuna.

Ba ta gama ko ɗaya ba. Noti biyu suka tumɓuke lokaci guda, bel ɗin da ke juya injin ya fizge, injin ya yi tsalle ya kifa ƙasa da wata ƙara da ta watsa matan waje suna salati. Allah ya tsare, babu wadda ta ji rauni. Baƙin mai ya malale a ɗakin.

Bakanike ya daɗe a tsugune kafin ya ɗago. "Gangar jikin ta rabe biyu, Hajiya. Wannan ba ya ɗaukar walda, kuma irinsa ko a wurin 'yan gwangwan ba za ki samu ba."

Da yayanta ya dawo, ya ɗauki ɓallin dakalin ya murtsuke shi da yatsu, ya zube kamar busasshen biredi. Bai yi faɗa ba, domin ya ga idanunta.

"Ƙishirwa ce ta kashe shi," ya ce a hankali. "Share hawayenki, gobe zan zuba miki wani."

"Ka zuba, Yaya," ta ce. "In ɗora me a kai?"

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ba duk abin da ya bushe a ido ne ya yi ƙarfi a ciki ba. Kankare, musamman na simintin da aka gauraya, yana son ruwa da lokaci, kuma babu dabarar da ke rage masa kwanakinsa. Idan mai sana'a ya ce ka jira, ka jira. Gaggawar da za ta cece maka sati uku tana iya raba ka da abin da kake ci da shi har abada.